DANDALIN MAKAƊA: Gangar tsaye, ƙirar gida

 A wannan wata maganarmu ta shafi samarinmu na zango masu hannun kiɗa, waɗanda rashin kuɗin sayen cikakkun gangunan bandi ya sa suka zama 'yan kallo a sana'ar da za ta iya ciyar da su. Akwai wata ganga da muke ganin ta dace da su, kuma mutum na iya haɗa ta da taimakon mai walda na unguwa.

Amurkawa suna kiranta gangar kwaktel, saboda a ƙananan gidajen shaƙatawa aka fi kaɗa ta, inda dandalin makaɗa bai fi shimfiɗar tabarma ba. Mu dai bari mu ce mata gangar tsaye. Ta yi tashe a shekarun 1950, lokacin da kamfanoni irin su Ludwig da Slingerland da Gretsch suke ƙera ta. Doguwa ce, tsawonta kamar inci 24, faɗin bakinta inci 14 zuwa 16, tana tsaye a kan ƙafafu uku. Makaɗi yana tsaye yana dukan fatar sama da sanduna, ƙafarsa kuma tana taka feda, wadda aka juya ta yadda za ta doki fatar ƙasa daga ƙarƙashi. Wato ganga ɗaya tana aikin biyu, sama ta ba da ƙaramar murya, ƙasa ta ba da babba.

Kada wani ya ce ai kayan ƙirar gida na marasa galihu ne. Marigayi Kofi Ghanaba, wanda aka fi sani da Guy Warren, an haife shi a Akara a 1923, ya kaɗa wa ƙungiyar Tempos, ya je Amurka ya fitar da faifai a 1956. Da ya dawo gida sai ya ajiye gangunan Turawa, ya kwantar da manyan gangunan fontomfrom na sarakunan Akan, ya sa musu feda, ya riƙa kaɗa su hannu da ƙafa, har ya rasu a 2008 duniya na girmama shi. Maƙwabtanmu Ga kuma suna da gome, gangar akwati wadda kafinta ke haɗawa, makaɗi ya zauna a kanta yana canza mata murya da dunduniya. Ke nan a ƙasar nan ƙera abin kiɗa da hannu tsohuwar hanya ce.

Dattawa za su tuna yadda kiɗan bandi ya faɗi. Dokar hana fita da dare da aka yi daga 1982 zuwa 1984 ta rufe gidajen rawa, harajin shigo da kayan kiɗa ya yi tsanani, sai masu sa faifai da manyan lasifikoki suka karɓe bukukuwa. Har yanzu mai biki ko mai suna yakan ga ɗauko mai sa waƙa ya fi sauƙi, domin bandi sai an yi hayar mota, an nemi fili. To a nan ne gangar tsaye ta yi rana. Mutum ɗaya zai rungume ta ya shiga trotro, ya bi lungunan Nima ko Sabon Zango da ita, ya kafa ta a zaure ko ƙarƙashin rumfa cikin 'yan mintoci.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sami tsohuwar gangar bandi mai ƙafafu uku, a kai wa mai walda ya ƙara wa ƙafafun tsawo har bakinta ya kai ƙugun makaɗi. A kwance sarƙar feda a mayar da ita ta baya don sandar ta riƙa tashi sama. Sai a ɗaure ƙaramar ganga mai waya a gefe, da faifan tagulla ɗaya, da ƙararrawa in ana so.

Amma haɗawa daban, fita wasa gaban jama'a daban. Na farko, fatar sama da ta ƙasa iska ɗaya suke rabawa, don haka duk sanda aka taka feda sai ta sama ta amsa, in akwai waya a jikinta ta yi ta zuza. Maganin wannan shi ne a sa soson katifa a tsakiyar cikin gangar, a ɗaure fatar sama tam, a sassauta ta ƙasa. Na biyu, feda takan zame ana tsakiyar waƙa, sai an ɗaure ta da ƙarfe a jikin ƙafafun gangar, an kuma shimfiɗa darduma. Na uku, fatar ƙasa ƙasa take kallo, muryarta ba ta nisa a fili, saboda haka a ajiye makirfo a ƙarƙashinta. Wanda ya sa fatar akuya ya sani damina za ta sa ta yi laushi, hunturu kuma ya ɗaure ta har ta kusa tsagewa, don haka kada ya rabu da makullin ɗauri a aljihu. Sannan nauyin jiki duka a kan ƙafa ɗaya yake, wanda bai saba ba kafin awa ɗaya ƙugunsa zai gaya masa. A yi ta gwaji a gida kafin a karɓi kuɗin mutane.

Ku kuma iyayenmu masu biki, in yaro ya zo da gangar da ya haɗa da guminsa, a saurari hannunsa, kada a tsaya neman sunan kamfani a jikinta don a rage masa lada. Makaɗan kalangu da muke yi wa kari da alfahari, akasarinsu su ke ɗaure fatar abinsu, ba wanda ya taɓa raina su don haka. A yi ciniki tun kafin ranar, a biya shi cikakke, domin da wannan kuɗin zai sayi sabuwar fata, ya biya mai walda, gobe ya koya wa ƙaninsa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in da rai da lafiya.