Shanyewar ɓarin jiki a Nijar: an rage kuɗin asibiti, mi ya yi saura?

A cikin watan Agusta na shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta ɗauki matakin rage kuɗin aikin lafiya da rabi a asibitocin gwamnati, kuma matakin ya soma aiki ranar 1 ga Satumba na wannan shekara. Ragin ya shafi kuɗin ganin likita, da kwanciya asibiti, da awon jini, da ɗaukar hoto, da tiyata. Tun shekarar 2006 ake kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma manya su ne ke biyan kuɗinsu da kansu. Saboda haka wannan ragi ya taɓa cututtukan manya kai tsaye. Ɗaya daga cikinsu ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda a asibiti ake kira AVC.

Tambayar da ya kamata mu yi ita ce: shin ragin kuɗi ya isa ya ceci wanda wannan cuta ta kayar a ƙauyen Dakoro, ko Tanut, ko Keita? Kafin mu ba da amsa, sai mun fahimci cutar da kanta.

Mi ke faruwa cikin kai?

Duk wanda ya yi aikin garka ya san cewa kowane fangali da hanyar ruwansa. In laka ta toshe hanyar, albasar da ke wannan fangali sai ta bushe. In kuma hanyar ta fashe, ruwa ya malale, ya ɓata shukar da ke kusa, na gaba kuma bai samu ba.

Haka ƙwaƙwalwa take. Jijiyoyin jini ne ke kai mata iska da abinci, kowane sashe da jijiyarsa. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ta farko, gudan jini ya toshe jijiya. Ta biyu, jijiya ta fashe, jini ya zuba cikin kai. A kowane hali, sashen da bai samu jini ba yana soma mutuwa cikin ƴan mintoci. Masana sun ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 2 ke mutuwa a kowane minti.

Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ne ke sarrafa hannun dama da ƙafar dama, na dama kuma ke sarrafa hagu. Shi ya sa gefe guda kawai ke shanyewa. Ga yawancin mutane, wurin magana yana hagu. Don haka wanda damarsa ta shanye, sau da yawa maganarsa ma takan ɗauke.

Akwai mutanen da ke cewa iska ce ta bugi mutum, ko jifa aka yi masa, domin abin yana zuwa ne farat ɗaya. Amma ciwon ya daɗe yana shiri cikin jijiya, shekara da shekaru, ba tare da mai shi ya sani ba.

Alamomin da kowa zai iya ganewa

Ba sai likita ba, kowa na iya duba abubuwa uku:

1. Fuska: a ce masa ya yi murmushi. Baki ya karkace gefe guda?
2. Hannu: a ce ya ɗaga hannuwa biyu. Ɗaya ya faɗi ko ya ƙi ɗaguwa?
3. Magana: a ce ya faɗi sunansa da na garinsu. Harshe ya yi nauyi, ko maganar ta rikice?

In an ga ko da ɗaya daga cikin ukun, sai a kama hanyar asibiti nan take. Haka kuma in gani ya ɗauke ba zato, ko mutum ya kasa tsayuwa, ko ciwon kai mai tsanani ya sauko masa lokaci guda, irin wanda bai taɓa ji ba. Irin wannan ciwon kai na iya zama alamar wata jijiya ce da ta kumbura kamar balan-balan ta fashe.

Wani lokaci alamomin sukan zo su wuce cikin ƴan mintoci, mutum ya tashi garau. Kada a ce ya warke. Gargaɗi ne, kuma babbar cutar na iya biyowa cikin kwanakin da ke tafe. A je asibiti a ranar.

Domi sai an yi hoton kai?

Toshewa da fashewa kamarsu ɗaya a ido. Ko ƙwararren likita ba ya iya rarrabe su da tabbaci ta hanyar duba maras lafiya kawai. Ga shi kuma maganinsu ya saɓa wa juna. Wanda jijiyarsa ta toshe yana bukatar maganin da ke hana jini daskarewa, kamar asfirin. Wanda tasa ta fashe, in aka ba shi wannan magani, zubar jinin ƙaruwa za ta yi, har ta kai ga rasa rai.

Na'urar da ke raba gardama ita ce sikana. Tana ɗaukar hoton cikin kai cikin ƴan mintoci, kuma tana nuna jinin da ya zuba. Akwai wata na'urar da ake kira IRM, wadda ta fi nuna ƙananan wuraren da suka lalace, sai dai ta fi tsada kuma ta fi wuyar samu.

Wannan batu yana da nauyi a yankinmu. A ƙasashen Turai, fashewar jijiya ba ta kai 2 cikin 10 na masu cutar ba. Amma wani babban bincike mai suna SIREN, da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, aka fitar da sakamakonsa a 2018, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 3 fashewa ce ta same shi. Ke nan ba maras lafiya asfirin a gida kafin a yi hoto babbar kasada ce.

Likita yana kuma auna sukarin jini, domin sukarin da ya sauka ƙwarai yana kwaikwayon wannan cuta. Yana duba zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau, yana auna bugun zuciya, tun da gudan jinin yakan taso daga zuciya.

Maganin da ke tsere da lokaci

In toshewa ce, akwai allurar da ke narkar da gudan jini, sunanta alteplase. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa ta cikin jerin muhimman magunguna a 2019. A ƙa'ida ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi daga lokacin da alamomi suka soma, kuma bayan an yi hoto. Akwai kuma aikin zura siririn bututu ta jijiyar cinya har zuwa kai, a jawo gudan jinin. Wannan yana bukatar kayan aiki da ƙwararrun da ƙasashen Afirka kaɗan ne ke da su da yawa.

In fashewa ce, ana sauke hawan jini a hankali ƙarƙashin kulawar likita. Wani lokaci ana yin tiyata a cire jinin da ya taru, ko a ɗaure jijiyar da ta kumbura.

To, a nan ne matsalar ƙasarmu take. Daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne. Daga Maraɗi ya haura 600, daga Tawa ya haura 500. Babu sikana a ɗakin shan magani na ƙauye, babu a CSI. Sai a manyan asibitoci, irin su Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, da babban asibitin da aka buɗe a Yamai a 2016, da manyan asibitocin Damagaram da Maraɗi. Likitocin ƙwaƙwalwa ƴan kaɗan ne, galibinsu kuma a babban birni suke.

Mu ɗauki manomin da ya faɗi a gona da hantsi. Kafin a kawo shi gida a amalanke, a kira wanzami ya yi ƙaho, a jira babban wa ya yanke shawara, a sayar da akuya, a samu mota, rana ta faɗi. Awa 4 da rabi sun wuce tun bai bar ƙauye ba. Ragin kuɗin hoto yana amfanar wanda ya iso ƙofar asibiti. Ba ya rage nisan hanya, ko kuɗin mota, ko jinkirin da ake yi a gida.

Ko an makara, asibiti na da amfani

Kada wannan ya sa a ce tafiya ba ta da amfani. Da yawa daga cikin waɗanda ke rasuwa, abin da ke biyo bayan faɗuwar ne ke kashe su. Maƙogwaron maras lafiya yakan kasa haɗiya daidai. In aka ɗura masa fura ko ruwa ko rubutu, sai su bi hanyar numfashi, su jawo ciwon huhu. Doguwar kwanciya a gefe guda tana kawo gyambo. Zazzaɓi da rashin ruwa a jiki suna ƙara lalata ƙwaƙwalwa. Duk waɗannan ana iya kauce musu a asibiti, ba tare da na'ura mai tsada ba.

Kafin a isa, ga abin da iyali za su yi:

- A riƙe lokacin da abin ya soma, ko lokacin ƙarshe da aka gan shi lafiya. Likita zai tambaya.
- A kwantar da shi a kan gefensa, a sassauta masa tufafi.
- Kada a ba shi kome ta baki, ko ruwa, ko magani.
- Kada a yi ƙaho, ko tsaga, ko gashi da wuta.
- A tafi da duk magungunan da yake sha.
- Mai son yi masa addu'a ya yi ta a kan hanya.

Bayan an sallame shi, aiki ya koma hannun iyali: juya shi kowace awa 2 in ba ya iya juyawa, motsa masa hannu da ƙafa kowace rana kamar yadda ma'aikacin lafiya ya nuna, zaunar da shi lokacin cin abinci, da yi masa hira. Mafi yawan sauƙi yana samuwa ne cikin watanni 3 zuwa 6 na farko. Wanda aka bari kwance a ɗaki, gaɓoɓinsa sukan sandare.

Inda ragin kuɗi zai fi yin tasiri

Binciken SIREN ya nuna cewa hawan jini yana da hannu a cikin kusan 9 daga 10 na shanyewar jiki a wannan yanki. Rahoton OMS na 2023 ya ce babban mutum 1 cikin 3 a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. Dalili shi ne hawan jini ba ya yawan nuna alama. Mutum na noma, na kasuwa, na cin tuwonsa, alhali jijiyoyinsa na lalacewa.

Awon hawan jini kuwa ba ya bukatar sikana. Ana yin sa a CSI cikin minti 5. In awo ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to akwai hawan jini. Magungunansa, irin su amlodipin, ƙwaya ce da ake sha kowace rana, kuma kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin jinyar shanyayye ba. Abin kiyayewa shi ne maganin ba ya warkar da hawan jini, yana riƙe shi ne kawai. Da yawa sukan daina sha in sun ji sauƙi, ko in kuɗi ya ƙare lokacin bazara, sai cutar ta same su a wannan tsakani. Maganin masu talla a kasuwa, wanda ya sha rana, ba abin dogaro ba ne.

Abinci ma yana da nasa rabo. OMS ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen miya ma gishiri ne, a lissafa da shi. Taba, ta sha ko ta baki, da barasa, da ciwon sukari, da ƙiba suna ƙara haɗari. Ganyaye irin su zogale da rama suna taimakawa.

Cutar ba ta tsofaffi kaɗai ba ce. Mace mai ciki da hawan jini na cikin haɗari, shi ya sa awon ciki yake da muhimmanci. Yaro mai ciwon emasi, wato sikila, shi ma tana iya kama shi tun yana ƙarami. In hannunsa ko ƙafarsa ta saki ba zato, a gaggauta kai shi asibiti, domin ƙarin jini na iya cetonsa.

Abin da ya rage wa kowa

Ragin 2024 ya sauke rabin kaya, kuma wannan ci gaba ne. Sauran rabin yana wuyan ɓangarori da dama. Hukumomin lafiya su tabbatar kowace CSI tana da na'urar awo mai aiki, da maganin hawan jini wanda ba ya yankewa, kuma sikanar da ke manyan asibitoci ta samu gyara da wuta ba tare da tsaiko ba. Ƙananan hukumomi da masu gari su shirya asusun ɗaukar maras lafiya, a san motar da za a kira da lambar direbanta tun kafin bukata ta taso. Iyalai kuma su amince cewa duk wanda ke gida, mace ko namiji, yana da izinin kai maras lafiya asibiti ba sai an jira mai gida ya dawo ba.

Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya. Amma ba sai an jira ta ba. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da mai hawan jini a danginsa, ya je CSI ranar kasuwa mai zuwa a auna shi, ya sa a rubuta masa lambar a takarda, ya adana ta. In ya koma aji, ya karanta wa abokan karatunsa alamomin nan uku: fuska, hannu, magana. Rigakafi ya fi magani.