Jikokin Maƙera da Darasin Kimiyya a Waya

Tarihin Kano ya nuna cewa maƙera ne daga Gaya, waɗanda ake kira Abagayawa, suka bi sawun tama har Dutsen Dala suka zauna. Ashe kimiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, ga kuma Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule a cikin garin Gaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ilimi ya iso kyauta har cikin wayar hannu, amma yara da yawa a ƙauyukan Gaya da Ajingi ba su da labari. Tun 2002 aka fara shirin PhET a Jami'ar Colorado ta Amurka, inda ɗalibi zai haɗa batir da ƙwan fitila a fuskar kwamfuta, ya ƙara ƙarfin wuta ya ga haske ya ƙaru, ya yi kuskure ya sake, ba tare da ya ƙona komai ba. Ana sauke shi sau ɗaya a yi ta amfani ba intanet, wanda ya dace da inda sabis ke ɗaukewa. Akwai kuma Nigeria Learning Passport, da Gwamnatin Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022. Ban ce wannan zai maye gurbin ɗakin gwaji ba, dole hannu ya taɓa kayan aiki. Amma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, don haka dole yara su saba da ita. Shugabannin ƙananan hukumomin biyu, don Allah ku sa wa makarantu sola, ku fara horar da malamai kafin ɗalibai.