Kada Ku Sayar da Matacciyar A-kori-kura a Kan Sikeli

Jama'a, wannan mako ba zancen taki ko iri zan yi muku ba. Zancen mota ne, gama amfanin gona da bai kai kasuwa ba, bai zama kuɗi ba tukuna.

A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda daga Zariya, ta Funtuwa da Gusau, jirgi ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga. Amma jirgi bai taɓa zuwa Zurmi ko Shinkafi ba. Jaki da raƙumi suka yi wannan aiki, sa'an nan mota ta gaje su. A cikin motocin kuwa, wadda manominmu ya fi sani ita ce a-kori-kura Peugeot, 404 da ƙanwarta 504. Kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a Kaduna a 1975, shi ya sa da can ko'ina ka nemi kayan gyaranta sai ka samu. To, an fi shekara 15 da daina haɗa 504. Tun da farashin kaya ya hau a 2023, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin talaka. Sai lallaɓa tsohuwa.

Kakar bara wani ɗan kasuwa ya ɗauko wa manoman da nake zagayawa buhunan wake, za shi kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis. Kwana biyu kafin nan an buɗe masa kan inji an sa sabon gasket. Wajen mayarwa ƙusa guda ta tsinke. Maimakon a nemo irinta, sai aka sa wata mai kama da ita, ta shagon kayan gini. Bai yi nisa da Ƙaura ba inji ya yi zafi, ruwa ya gauraye da baƙin mai, mota ta tsaya a daji. Kowa ya san abin da tsayuwa a wannan hanya take nufi a 'yan shekarun nan. Allah ya kiyaye rayuka, amma kasuwa ta ci ba su, kan inji kuma ya kantare. Ƙusa guda ke nan ta jawo wannan hasara. Araha dai ba ta ado.

Ku sani ƙusa ba duka ɗaya ba ce. Dubi kanta, za ka ga lamba, 8.8 ko 10.9 ko 12.9. Wannan lamba ita ce shaidar ƙarfin ƙarfen. Wadda ba ta da lamba, ta ƙofa ce ko ta amalanke, kada ta kusanci inji. Zaren ma iri-iri ne. Peugeot da Toyota da milimita aka yanka nasu, tsofaffin motocin Ingila irin su Bedford da inci. In aka tilasta wa wannan shiga ramin waccan, zare ya cinye, an sayi wani aiki. Kan injin 504 kuwa na alminiyam ne, ba ya jimre zafi kamar baƙin ƙarfe. Sai an ɗaure ƙusoshinsa bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sufana mai awo, ba da ƙarfin damtse ba.

To, ina za a sami ƙusa ta ainihi? In babu a Ƙaura sai Gusau, in babu a Gusau sai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tafiyar kwana biyu ke nan da kuɗin mota, domin abin da ba ya cika tafin hannu. Wanda ya je can kuma, sau da yawa abin da za a miƙo masa daga jikin wata matacciyar mota aka kwance shi. Nan fa hankalina ya tsaya. Mu ne muke sayar wa 'yan gwangwan matattun motocinmu, su aza a sikeli su biya kuɗin ƙarfe, su loda su yi Kudu ko Kano da su. Bayan wata shida mu bi sawunsu, mu sayo abinmu ɗaiɗai da tsada.

Ra'ayina shi ne masu a-kori-kura na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi su haɗa kai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In motar ɗayansu ta mutu, ƙungiya ta saye ta, ta ba shi abin da ya ɗara na mai sikeli. A sa amintaccen bakanike ya kwance ta a hankali. Ƙusoshi da notina a wanke, a shafa musu mai, a zuba a gwangwani da sunan wurin da suka fito. Kan inji da kafireta da lagireto da famfon ruwa a ajiye su a inuwa. A sami akawu mai littafi ya riƙa rubuta shiga da fita. Gangar jikin ce kaɗai za ta tafi sikeli.

Wani zai ce kuɗi ne aka kwantar, mai matacciyar mota kuwa yau yake bukata. Gaskiya ne, shi ya sa na ce ƙungiya ta biya shi nan take. Wani kuma zai ce tsohon abu ai tsoho ne. Wannan ma da ƙamshin gaskiya: gasket da bel da fulogi lalle sababbi za a saya, ƙusar da ta miƙe ko ta yi tsatsa kuma a yar. Amma ƙarfen kamfani mai lafiya ya fi sabon jabu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wanda tilas ta kai shi Kano, ya tafi da abin da ya lalace a aljihu, da lambar injinsa a takarda, ya gwada da idonsa kafin ya biya. Gyara kuma a yi shi da rani, kada a bari sai buhuna sun taru a ƙofar gida.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kasuwa lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.