Jariri a kwalba, dangi a tabarma: wane ne ke ɗaukar nauyin jinya?

Duk wanda ya taɓa shiga harabar asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai, ko ɗaya daga cikin cibiyoyin kula da lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ya san yadda wurin yake da dare: tabarmi a shimfiɗe, buta da kwanonin abinci a gefe, tsofaffin mata na gyangyaɗi, magidanta na kai da komo da ordonansi a hannu. Waɗannan su ne masu jinya. A cikin ɗaki kuwa akwai jaririn da bai cika mako guda ba, wani a kwalba, wani da robar iska a hanci.

Idan ana maganar lafiyar jarirai a Nijar, an fi ambaton likitoci da na'urori. Sai dai akwai wani ɓangare da ba a cika lissafawa da shi ba, wato ƙarfin iyalin da ke zaune a waje. Idan kuɗinsu ko haƙurinsu ya ƙare kafin magani ya ƙare, sai su naɗe tabarma su ɗauki jaririn su koma gida, ko da likita bai sallame su ba. A nan ne taimakon dangi, abokai da ƴan ci-rani ke iya zama silar rayuwar yaro.

Kwana 28 na farko

Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar kwana 28 na farko a matsayin lokaci mafi haɗari a rayuwar yaro, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke rasuwa a wannan lokaci, cikin makon farko suke rasuwa. A Nijar, ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na nuna cewa cikin jarirai 1000 da aka haifa da rai, fiye da 30 ba sa cika wata guda. Manyan dalilan sanannu ne: haihuwar bakwaini, rashin numfashi lokacin haihuwa bayan doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini, sau da yawa ta cibiya.

Dukkansu na buƙatar kwanciya a asibiti na kwanaki. Allurar da ake yi wa jaririn da cuta ta shiga jininsa takan ɗauki mako guda ko fiye, kuma yankewa a tsakiya na iya dawo da ciwon. Bakwaini kuwa yana iya yin makonni kafin ya iya kama nono da kansa. Ke nan jinyar jariri doguwar tafiya ce, alhali mu a al'adarmu mun fi iya taimakon rana guda: a zo dubiya, a yi addu'a, a ajiye ɗan abin da ya samu, a watse.

Kyauta a takarda, kashe kuɗi a zahiri

Tun shekarar 2006, zamanin shugaba Tandja Mamadou, gwamnati ta mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, haka ma tiyatar fitar da jariri. Tsarin ya ƙara yawan masu zuwa likita. Matsalarsa ita ce asibiti ne ke fara yin aikin, daga baya gwamnati ta biya shi, kuma an daɗe ana kokawa da jinkirin wannan biya. Asibitin da ke jiran a biya shi bashi ba ya iya cika rumbun maganinsa. Sakamakon haka shi ne ordonansi: ganin likita kyauta ne, amma maganin sai an je farmasin cikin gari.

A watan Agusta na 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗaɗen magani da rabi a asibitocin gwamnati, tare da mayar da haihuwa kyauta. Mataki ne da talakawa suka yi maraba da shi. Amma akwai kashe-kashen da babu dokar da ta shafe su: kuɗin mota daga ƙauye, kabu-kabu tsakanin asibiti da farmasi, abincin mutum biyu ko uku safe da dare, sabulu, katin waya. Ga kuma asarar da ba a gani. Mai shago ya rufe, ɗan kabu-kabu ya ajiye babur, manomi ya bar gona ba noma idan damina ce. Mafi yawan ƴan Nijar ba su da inshorar lafiya, saboda haka komai daga aljihu yake fitowa, ko daga akuyar da aka kai kasuwa da gaggawa aka sayar da araha.

Mai jego ita ma majinyaciya ce

Wadda aka fi mantawa da ita a wannan hali ita ce uwar. Ta haihu kwana biyu ko uku da suka wuce, wataƙila da ɗinki a jikinta, wataƙila ta zubar da jini. A gida da tana ɗaki ana kawo mata kunun kanwa da gasasshen nama. A asibiti kuwa tana zaune a kan benci, kuma aikin da ke kanta babu mai iya yi mata. Jaririn da ba ya iya tsotso, nonon uwarsa ake tatsa a ba shi ta siririyar roba ko da ƙaramin kofi, kusan kowace awa biyu zuwa uku, dare da rana. Uwar da ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta runtsa ba, wannan aiki zai yi mata wuya.

Akwai kuma abin da ma'aikatan lafiya ke kira kangaru, wato a ɗaure jariri a ƙirji, fata da fata, domin ya samu ɗumi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi nan take ga bakwaini da duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, na aƙalla awa 8 a rana. Ba ya cin ko dala, amma yana cin lokaci da ƙarfi. Uba, kaka ko ƙanwar uwa na iya karɓarta idan ma'aikata sun ba da dama, ta samu ta yi wanka ta kwanta.

Sai batun baki. Yarinyar da ta yi haihuwar fari sau da yawa kunya ba ta barinta ta tambayi likita halin da ɗanta ke ciki, shawara sai ta koma hannun manya. Wasu kuma na zuwa dubiya da maganganu masu zafi: ai aikin da ta yi da ciki ne, ai danginsu haka suke, ai da an nemi na gida. Irin wannan magana ce ke sa a fara tunanin fita da yaro, ko a shigo da jiƙo a ɓoye a ɗura masa. Jaririn da ke fama da numfashi, ɗura na iya shaƙe shi.

Taimakon da ke da amfani

Na farko, kuɗi da wuri. Ɗan uwan da ke Agadas, Aljeriya, Libiya, Abijan ko Faransa yakan jira ranar suna kafin ya aiko da nasa. Jika goma da ta iso ranar da aka rubuta ordonansi ta fi jika hamsin da za ta iso bayan mako guda. Da Nita, Amana ko Al Izza saƙo na isa cikin ɗan lokaci. Fada mai mutum 20, kowa ya ba da dala ɗari, an haɗa jika goma ke nan kafin a sauke shayi.

Na biyu, mutum guda ya riƙe lissafi da labari. Shi ke karɓar gudummawa, shi ke ajiye takardun magani, shi ke sanar da dangi a WhatsApp. Hakan na hana a dami uwa da kira sau talatin a rana, yana kuma hana zargi kan inda kuɗi suka shiga. Hoton jariri da robobi a jikinsa kuwa, kada a yaɗa shi sai da yardar iyayensa.

Na uku, jini. Jariri ko uwarsa na iya buƙatar ƙarin jini, kuma sau da yawa ana neman dangi su kawo mai bayarwa. Jini kan yi ƙaranci da damina, lokacin da masassarar cizon sauro ke cika ɗakunan yara. Matashi mai lafiya da ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 na iya bayarwa. Wanda ba shi da ko sisi yana da wannan.

Na huɗu, a raba aiki maimakon a taru. Wata ta ɗauki abincin rana, wata na dare, wani ya kula da yaran da aka bari a gida, wani ya riƙe wa uba shago. Cunkoson masu dubiya a ɗakin jarirai haɗari ne: mai mura ko tari ya tsaya a waje, wanda aka bari ya shiga ya wanke hannu da sabulu.

Na biyar, suna. Ana iya raɗa wa yaro suna ran bakwai yana kan gadon asibiti, taro ya jira. Ragon suna ba farilla ba ne, kuma uban da ya juya kuɗin rago zuwa magani bai kamata dangi su sa shi jin kunya ba.

Abin da ya rage wa hukumomi

Zumunci na toshe ɓaraka, amma ba zai ɗauke wa gwamnati nauyinta ba. A 2001 a Abuja ƙasashen Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga kiwon lafiya, Nijar kuma ba ta kai wannan mizani ba. Matuƙar ba a biyan asibitoci a kan lokaci, kyautar magani za ta ci gaba da ƙarewa a bakin farmasi. Ana buƙatar wutar da ba ta yankewa a ɗakunan jarirai, da ƙarin irin waɗannan ɗakuna a asibitocin gundumomi, domin kada matar ƙauye ta yi tafiyar sa'o'i da jariri mai numfashi sama-sama. Ana kuma buƙatar wurin kwana da abinci ga uwaye, tunda ba za a raba maganin jariri da uwarsa ba.

Kafin a kai ga haka, akwai alamomin da kowane gida ya kamata ya sani: jariri ya ƙi nono, ya yi jijjiga, numfashinsa ya yi sauri, jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko tafin hannunsa da na ƙafarsa su yi rawaya. Da an ga ɗaya, a nufi likita ko da tsakar dare ne. Idan kuma aka ba su gado, dangi su zauna tun ranar farko su tsara wane ne zai yi me, har zuwa ranar da likita da kansa zai ce a tafi gida.