Abin da dusar ƙanƙara ke koya wa manomin Balan: kada a bar gona tsirara

Duk wanda ya taɓa sa baƙar riga a zafin bazara ya san bambancinta da fara: farin abu yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa shanye shi yake yi. Haka ma doron ƙasa yake, kuma abin ya shafi manomin Balan, a yankin Gaya da Ajingi, kamar yadda ya shafi mazauna ƙuryar arewacin duniya.

A can, sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kanta, saboda ƙwayoyinta ƙanana ne masu tsini da ke warwatsa haske. Idan ta kwana biyu, ƙwayoyin sukan haɗe su yi girma, haske ya riƙa shiga ciki, zafi ya taru. Toka ko ƙura kaɗan na ƙara mata duhu. In ƙanƙarar da ke kan teku ta narke, ruwan da ya bayyana ba ya mayar da ko kashi 10. Wannan na cikin dalilan da suka sa yankin ke ɗumama kusan ninki huɗu na saurin sauran duniya tun 1979.

A Sahel kuwa, fari ba alheri ba ne. Bayan farin 1973, masanin yanayi ɗan Amurka Jule Charney ya bayyana a 1975 cewa idan aka rasa ciyawa da itatuwa, farin yashin da ya rage yana mayar da haske fiye da ƙasa mai tsiro. Iskar da ke samansa sai ta riƙa sauka maimakon tashi, alhali sai iska mai laima ta tashi hadari ke haɗuwa. Binciken baya ya nuna cewa yanayin zafin tekuna ne babban musabbabin farin, amma tsiraicin ƙasa yana ƙara masa ƙarfi.

Manomi ba shi da iko da teku, amma yana da iko da gonarsa. Da an gama girbin gero da dawa, akan kwashe kara don dabbobi da girki, a sare toho lokacin sharar gona, a ƙone abin da ya rage. Kafin damina ta faɗi, gona ta zama fili fetal, iska na kwashe ƙasar sama. Ba ganganci ba ne, talauci ne da tsadar makamashi. Sai dai ranar biyan bashin tana zuwa.

Maganin ba ya nesa. A Maraɗi, tun wajen 1983 manoma suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, suna rage rassa su bar masu ƙarfi. Suna kiran dabarar sassabin zamani. An ƙiyasta ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawo ma ba ya gasa da shuka, domin da damina yake zubar da ganye.

Kano na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ya shafa a Najeriya. Ya kamata ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi, da hakimai da dagatai, su fifita kare toho a kan bikin dashen itacen da ba ya kai rani. A tabbatar wa manomi cewa itacen da ya rena nasa ne, a hukunta mai sarewa ba izini, a kuma sauƙaƙa wa mata samun murhu mai cin itace kaɗan.

Itacen gona guda ba zai jawo hadari ba. Amma zai riƙe ƙasa da laima, ya ba dabba abinci, kuma idan ƙauyuka dubu suka yi haka, launin ƙasar gaba ɗaya zai sauya.