Ba Allurar Ce Abin Tsoro Ba, Malam

Malam, ka rubuta cewa allurar jinkirta balaga tana rarake ƙashin yara, har kana kiran iyayen Konni da Illela su guje ta. Ka ji ƙaurin zance, ba ka duba tukunyar ba.

Gaskiya ne, yayin da ake yi wa yarinya allurar, wato triptorelin, duk wata ko duk wata uku, taurin ƙashi kan ɗan ja baya. Amma idan an daina, balaga ta dawo, ƙashin yakan farfaɗo. Wannan ka tsallake shi.

Ka kuma tsallake yarinyar da ƙirjinta ya fara fitowa kafin shekara 8, irin wadda ake yi wa allurar. Sinadarin balaga yana saurin rufe wuraren da ƙashi ke tsawo ta nan. Yau ta fi sa'o'inta tsayi, gobe sun wuce ta, ta tsaya cak. A ƙauyukan Malbaza kuwa, da an ga ƙirji sai a fara maganar miji.

Uwar da ta ga haka ta kai 'yarta gaban likita, ko a Galmi ko a Konni, ta nemi a ɗauki hoton ƙashin hannu a auna shekarunsa.