Bangon Aji Na Kowa Ne

A makon jiya aiki ya kai ni wata makarantar firamare mai zaman kanta domin duba ɗalibanmu da ke koyon aikin koyarwa. Na isa yara sun fita hutun cin abinci, don haka na samu wuri a wani aji na zauna ni kaɗai ina jira. Da yake mai jira ba ya rasa abin kallo, sai na shiga karanta bango. A gefe guda ga jadawalin haruffa, harafin farko an haɗa shi da hoton tuffa. Kusa da shi ga hoton yanayi huɗu na shekara, ɗaya da ganyaye suna zuba, ɗaya da dusar ƙanƙara ta rufe rufin gida. Can kuma ga hoton wani iyali na Turawa sun kewaye teburi riƙe da cokula masu yatsu. A saman allo an rubuta da Turanci, da manyan baƙaƙe, cewa an hana magana da yaren gida, wanda ya yi kuma zai biya tarar naira hamsin.

Na duba ko zan ga damina da kaka da hunturu da bazara, wato yanayin da waɗannan yara ke ji a jikinsu, ban gani ba. Na nemi gero ko dawa ko kuka ko giginya, babu ko ɗaya. Da na yi wa shugaban makarantar maganar, sai ya yi murmushi ya ce ai ba su yi sake da al'ada ba, domin duk shekara suna shirya ranar al'adu, yara su zo da babbar riga da rawani da ƙwaryar fura, a yi rawa a ɗauki hotuna. Na ce masa madalla, sai dai yaro yana kallon bangon nan kusan kwana ɗari biyu a shekara, rawanin kuwa yini guda ne. Darasin da zai ɗauka a fili yake: abin gidansu kayan wasan kwaikwayo ne da ake fito da shi sau ɗaya a mayar cikin akwati, ilimi kuwa kamanninsa na wasu mutane ne a wata ƙasa.

Duk wanda na ba wannan labari, amsar da yake saurin bayarwa ita ce a cika bangon da al'adunmu. Ni ma da farko haka na ce, har sai da na buɗe rajistar ajin. A cikin yara talatin da 'yan kai akwai Hausawa da Fulani, akwai Barebari, akwai Yarbawa da Ibo, akwai kuma 'yan Kudancin Kaduna. Akwai Musulmi, akwai Kirista. To, idan aka ce al'adunmu, na wa ake nufi? A nan ne maganar ke yin nauyi, kuma a nan ne nake ganin muna cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe: abin da ɗalibi ya zo da shi a jikinsa daga gida, da abin da makaranta ta rataya a bango da sunan kowa.

Ƙasashe da dama sun yi ta fama da wannan tambaya, kuma kowace da inda ta karkata. Faransa ta kafa doka a shekarar 2004 wadda ta hana ɗaliban makarantun gwamnati sanya alamomin addini da ke bayyane, irin su hijabi da hular Yahudawa da babban gicciye, sannan a 2023 ta ƙara da hana abaya. Wato ta sa hannu a jikin ɗalibi domin aji ya fita fes ba alamar kowa. Italiya kuwa ta bi wata hanya dabam. A can gicciye ne rataye a azuzuwan gwamnati, har wata uwa ta kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A 2009 kotun ta ba ta gaskiya, amma a 2011 babban zauren kotun ya soke wannan hukunci ya bar gicciyen a inda yake. A ganina ƙasashen biyu kowace ta kauce: ɗaya ta ƙwace wa yaro abin da yake nasa, ɗaya ta ba wani ɓangare abin da yake na kowa.

Mu ma a gida mun ɗanɗana. A Jihar Legas, wasu ɗalibai mata biyu sun kai gwamnati ƙara kan hana su sanya hijabi a makaranta. Babbar Kotun jihar ta goyi bayan hanin a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi a 2016, sannan Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗaliban haƙƙinsu a watan Yunin 2022. Sama da shekara takwas ke nan ana shari'a kan ƙyallen da bai kai yadi biyu ba. A Jihar Osun, bayan wata kotu ta halatta hijabi a 2016, sai wasu ɗalibai Kirista a garin Iwo suka tafi makaranta sanye da rigunan coci domin nuna rashin amincewa. A Ilori kuwa, a farkon 2021, sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma na wani lokaci saboda irin wannan taƙaddama. A duk waɗannan wurare manya ne suka yi ta ja-in-ja, yara kuma suka yi asarar darasi. Idan giwaye suka yi faɗa, ciyawa ce ke shan wahala.

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da 'yancin bayyana shi, kuma a kansa aka gina hukuncin Legas. Amma wannan sashen bai tsaya nan ba. Ya kuma ce ba za a tilasta wa wanda ke halartar makaranta ya karɓi darasin wani addini ko ya shiga ibadarsa ba, matuƙar ba addininsa ba ne. A nan ne jarrabawarmu take, mu da muka yi murna da hukuncin Kotun Ƙoli. Idan yarinya Musulma tana da haƙƙin rufe kanta a makarantar gwamnati a Legas, to yarinya Kirista a makarantar gwamnati a Kano ko Katsina tana da haƙƙin kada a matsa mata da abin da ba na addininta ba, kuma kada a tsinke ƙaramin gicciyen da ke wuyanta. Mudun da muka auna wa kanmu da shi, da shi za mu auna wa maƙwabci. Wanda ke son haƙƙi a inda yake tsiraru amma yana hana shi a inda yake da rinjaye, fifiko yake nema, ko da kuwa ya kira shi adalci.

Saboda haka ƙa'idar da nake ba da shawara mai sauƙi ce. Abin da ke jikin ɗalibi nasa ne da iyayensa, makaranta ta tsara launi da tsawo domin ya dace da kayan makaranta, amma kada ta haramta. Bango kuwa amana ce a hannun malami, kuma ma'auninsa guda ne: duk yaron da ke cikin ajin ya ɗaga kai ya ga wani abu nasa, kada kuma ya ga abin da ke ce masa shi baƙo ne. Wannan ma'auni ya fitar da fastar jam'iyya da tutar ƙungiyar ƙabila da duk wani zane da ke yi wa wata al'umma ba'a. Ya kuma fitar da sanarwar tarar naira hamsin ɗin nan, domin babu alamar da ta fi ta raina yaro.

Me ya rage a rataya? Abubuwa da yawa, kuma galibinsu ba sa cin kuɗi. A zana taswirar unguwa ko ƙaramar hukuma, yara su nuna kasuwa da rafi da hanyar gidajensu, kafin a kai su ga taswirar duniya. A yi jadawalin yanayin shekara irin namu, da abin da manomi ke yi a kowane. A rubuta gaisuwar safe da duk harsunan da ke cikin ajin, kowane yaro ya tambayo iyayensa yadda ake rubuta tasa. A ware kusurwa guda ta sana'o'i, a ajiye faifai da mazari da ƙyallen da aka rina da shuni irin na marinar Ƙofar Mata, domin a cikinsu akwai lissafi da kimiyya ga malamin da ya san aikinsa. Dagin Arewa da muke gani a jikin riguna da bangon gidaje darasi ne na daidaiton siffofi tun kafin ya zama tambari.

Tarihinmu ma ya wadatar da mu, kuma ba na ƙabila ɗaya ba ne. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a Jihar Yobe a 1987 ya kai kimanin shekara dubu takwas, yana cikin mafiya daɗewa da aka gano a duniya. Gumakan yumɓu na Nok daga Kudancin Kaduna sun haura shekara dubu biyu. Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane, hotonta na bayan takardar naira ashirin da yara ke sayen alewa da ita, amma yara nawa ne suka san ko wace ce? Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tsara 'yan taru domin ilmantar da mata a ƙauyuka. Idan waɗannan suka jeru a bango guda, Bahaushe zai ga nasa, Bagwari zai ga nasa, kowa kuma zai san na ɗan'uwansa.

Sai dai rataya kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da bayani. Rubutun ajami da ke jikin kuɗinmu misali ne. An cire shi daga ƙananan takardu a 2007, aka kuma cire shi daga naira ɗari a 2014, kuma har yau akwai masu ɗaukar wanda ya rage a matsayin alamar addini. Alhali kuwa Hausa ce tsantsa, tana faɗin adadin kuɗin ga wanda bai yi boko ba. Da a ce an taɓa nuna wa masu wannan zato haruffan a aji, aka karanta musu abin da ke rubuce, da rabin gardamar ba ta taso ba. Alamar da ba a yi bayaninta ba, tsoro ne ke fassara ta.

Na san iyaye za su ce sun biya kuɗi ne domin 'ya'yansu su iya Turanci, kuma da Turanci ake rubuta jarrabawa. Wannan damuwa ce ta gaskiya, ba na raina ta. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare tare da koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Yaron da ya tsaya da ƙafarsa a gida ya fi saurin koyon na waje. Babu wanda ya ce a sauke hoton tuffa. A dai sa mangwaro da goruba kusa da ita.

Kira na ga kwalejojin ilimi da tsangayoyinmu na jami'a shi ne mu fara koya wa malaman gobe cewa bango ma malami ne, mu kuma sa shi cikin abin da muke ba maki a lokacin duba su. Ga iyaye kuwa, ranar da kuka je karɓar sakamakon zango, kada ku tsaya a ofis. Ku leƙa ajin, ku karanta bango, ku tambayi kanku ko ɗanku yana cikinsa, ko kuma ɗan maƙwabcinku yana ciki. Ɗalibar da na je dubawa ta yi mini alkawarin za ta fara da jadawalin gaisuwa. Zan koma bayan mako uku in gani.

Allah Ya sa mu dace.